Kafin ka ƙara wa motar golf gudu

'Yan uwana matasa masu gyaran ƙananan motocin golf, waɗanda ake zirga-zirga da su a otal-otal da manyan rukunan gidaje, ina da magana da ku kan sauya inji.

Ba na hana ku. Sai dai an ƙera motar nan don ta yi tafiyar da ba ta wuce kilomita 24 a awa ba, a kan ciyawa. Yawancinsu birkinsu a tayoyin baya kaɗai yake, ba ƙofa, ba bel. Ka ɗaura mata babban inji, ka ɗaga batir daga volt 36 zuwa 48, ka bar mata tsohon birki, sannan ka miƙa wa mai ita makulli a ɗebi yara. Haba ɗan uwa!

A Amurka, inda ake hawan su a titunan garuruwa irin su Peachtree City da The Villages, tun 1998 hukuma ta yi ƙa'ida: ƙaramar motar da gudunta ya haura mil 20 a awa, wato kusan kilomita 32, dole a ƙera ta da fitilu, sigina, madubi, gilashin gaba da bel. Dalilin a fili yake. Direba yana riƙe da sitiyari, na gefensa ba shi da abin kamawa sai ɗan ƙarfen gefen kujera. Da an sha kwanar hagu da ƙarfi, sai ya sulluɓe ta dama, sau da yawa kuma kai ne ke fara dukan kwalta. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, shi ya fi saurin fita.

Batun odar inji kuwa, ka ƙirga haƙoran sandar da ke haɗa injin da giyar tayoyin baya kafin ka biya: na motar kamfanin Club Car 10 ne, na kamfanin E-Z-GO 19. Gaban injin buɗe yake, boris ɗaya gare shi a baya, don haka ka ce a tokare cikinsa sosai a kwali, kada jijjigar hanya ta lalata shi.

Don Allah, ranar da ka ɗaura sabon injin, ka duba birki, ka sa bel a kowace kujera har ta baya. Ka ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen motar, don katakon kujera ba zai riƙe mutum ba. In mai motar ya ce kuɗin bel ya yi masa yawa, ka mayar masa da tsohon injinsa.