Daratt: wa ke da ikon yafe jinin da aka zubar?

Jiya da dare, a nan Kusiri, garinmu na Kamaru da ke tsallaken kogi daga Njamena, na sake kallon Daratt, fim ɗin da Mahamat-Saleh Haroun ɗan garin Abeche na ƙasar Chadi ya fitar a shekarar 2006, kuma har gari ya waye bai bar zuciyata ba. Labarin ya fara ne da sanarwa a rediyo cewa an yi afuwa ga duk waɗanda suka yi ta'asa a yaƙin basasar Chadi. Jin haka sai wani tsoho makaho ya damƙa wa jikansa Atim bindiga, ya tura shi Njamena ya nemo Nassara, mutumin da ya kashe mahaifinsa tun yaron yana ciki. Atim ya tarar da shi yana sana'ar gasa burodi, yana raba sadaka ga yara a ƙofar gida, yana zuwa masallaci, ba ya ma iya magana sai ya kanga wata na'ura a maƙogwaro. Yaron ya zama ɗan koyon aiki a wurinsa, suna kwaɓa fulawa tare, alhali bindigar na nan a ɓoye.

A waje an karɓi fim ɗin hannu bibbiyu. Ya samu kyautar musamman ta alƙalai a bikin fina-finai na Venis a 2006, ya zo na uku a Fespaco, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 2007. Abin baƙin ciki shi ne mutanen da aka ba da labarinsu ba su da gidan siniman da za su zauna su gani, domin sai a 2011 aka sake buɗe Normandie a Njamena. Mu dai mun saba da na Indiya da na Kano, shi ya sa wasu abokaina suka ce fim ɗin ya cika shiru, babu waƙa, babu faɗa, kuma ƙarshensa bai biya su ba, tunda Atim ya kai Nassara gaban kakansa, sai ya harba sama, ya bar tsohon da zaton an rama.

Ban yarda da su ba, haka kuma ban yarda da masu cewa fim ɗin wa'azi ne na a manta da baya ba. Atim bai taɓa ce wa Nassara ya yafe masa ba. Ya ƙi kashe shi, ya kuma ƙi zama ɗansa duk da ya roƙe shi, kuma shi da kansa ya yanke wannan hukunci bayan ya ci abinci da makashin ubansa, ya ga rauninsa da idonsa. Afuwar da aka sanar a rediyo kuwa, ba a tambayi maraya ko ɗaya ba kafin a yi ta.

Duk wanda ya ga yadda jama'a suka yi ta tsallako gadar Ngeli suna gudun yaƙi daga Njamena zuwa garinmu a watan Fabrairun 2008, da tabarmi a kai da yara a baya, ya san wannan shirun da ake kuka da shi. Haka baƙin da suka kwana a zauren mahaifina suke, sai a ajiye musu shayi ya huce ba su ce uffan ba. Waɗanda aka azabtar a zamanin tsohon shugaban Chadi Hissene Habre sun jira tun 1990 har zuwa 30 ga Mayu, 2016, kafin wata kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma da yawansu sun rasu ba su ji hukuncin ba.