Wasannin juyin juya halin 1911 a Sin: an wanke tarihin ya yi fes da yawa

Duk wanda ya taɓa zama ya kalli wasannin nan masu dogon zango da gidajen talabijin na ƙasar Sin ke yi kan juyin juya halin 1911, wanda ya kawo ƙarshen mulkin sarakuna a ƙasar, ya san yadda ake jera su. Ga fadawan daular Qing da dogon kitso a ƙeya suna ta zubewa ƙasa suna gaisuwa, can kuma ga samari sun ɗauko almakashi suna datse kitson nan da Manchu, ƙabilar sarakunan Qing, suka ɗora wa maza dole, sai Sun Yat-sen, jagoran 'yan juyin juya halin, ya miƙe da jawabi, kiɗa ya tashi, shi ke nan an ci nasara. Akwai daɗin kallo kam, amma ni dai ban gamsu ba.

Ai ranar 10 ga Oktoban 1911 da sojoji suka yi boren da ya fara juyin a birnin Wuchang, Sun ba ya ma ƙasar, yana can Amurka yana neman gudummawar kuɗi, a jarida ya ga labarin. Boren ma bam ne ya tashi bisa kuskure a maɓoyar 'yan tawaye a Hankou da ke maƙwabtaka da Wuchang, hukuma ta samu takardun sunayensu, suka ga in ba su motsa ba wuyansu ne zai tafi. Kuma wanda ya matsa aka sauke sarki Puyi a Fabrairun 1912, yana ɗan shekara 6, Yuan Shikai ne mai riƙe da sojojin arewa, bisa sharaɗin a ba shi kujerar shugaban ƙasa, aka kuwa ba shi, a ƙarshen 1915 gogan naka ya ce shi ma sarauta yake so.

Wasan da ya yi ƙoƙarin nuna wannan cakwakiya shi ne Zou Xiang Gonghe, wato tafiya zuwa jamhuriya, da gidan talabijin na gwamnati CCTV ya saka a 2003. Li Hongzhang, babban jami'in daular Qing da aka daɗe ana yi wa kallon maci amana don ya sa hannu a yarjejeniyar Shimonoseki ta 1895 da ta miƙa wa Japan Taiwan, a nan dattijo ne da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa. Yuan ma an nuna shi mutum mai basira kafin kwaɗayi ya ci shi. To, ba a yi nisa ba almakashin hukuma ya shiga, aka yanke wurare har da jawabin Sun na ƙarshe kan mulkin jama'a, ba a kuma sake haska shi ba.

Wasu masana sun ce an shafa wa Li hoda fiye da kima, kuma suna da hujja, marubucin wasa ba ya rasa son rai. Amma ba na jin wannan ne ya tayar da hankalin mahukunta. A wajen Beijing 1911 matakin farko ne kawai na zuwa 1949, shekarar da 'yan kwaminis suka karɓi mulki, alhali a Taiwan 10 ga Oktoba ita ce ranar ƙasa har gobe. In ka nuna wa mutane zaɓen majalisa na 1912 zuwa 1913, ka nuna musu jam'iyyar Song Jiaoren, abokin tafiyar Sun, ta ci, sannan aka harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Shanghai a watan Maris na 1913, ai mai kallo ko bai faɗa ba zai tambayi kansa ina akwatin zaɓen nan ya shige tun daga lokacin.