Kula da ciki yana farawa ne tun kafin a ɗauke shi

Na daɗe ina lura da cewa duk lokacin da aka tayar da maganar lafiyar mai juna biyu, hankalin mutane yakan tafi ne kan watannin ƙarshe, lokacin da ciki ya tsufa, ƙafafu suka kumbura, aka fara ƙirga kwanakin naƙuda. A ganina, mafi girman aikin yana faruwa ne a makonnin da idon kowa bai kai ba, wani ɓangarensa ma tun kafin matar ta san ta samu ciki.

Dalilina shi ne, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri yana rufewa ne cikin kimanin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su gama tabbatar da ɓatan wata ba. Idan jikin uwa ba shi da isasshen sinadarin folik asid, wani nau'in bitamin, a waɗannan kwanaki, bututun yana iya ƙin rufewa daidai, a haifi yaro da buɗaɗɗen gadon baya. Shi ya sa likitoci ke ba macen da ke neman haihuwa shawarar shan maikirogiram 400 na wannan sinadari kullum tun kafin cikin ya shiga. Wadda ta jira sai cikinta ya fito kafin ta fara sha, ƙwayar za ta amfane ta wajen ƙarin jini, amma wannan ƙofar ta riga ta wuce ta.

Batun tazarar haihuwa kuwa shi ya fi damuna, domin a nan ne ake yawan yin shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, bayan ɓari kuma aƙalla wata 6. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi domin ya ciyar da mahaifa da abin da ke cikinta, kuma wannan ƙarin yana cinye ajiyar sinadarin ayon, mai gina jini, da ke jikinta. Ranar haihuwa ta zubar da jini, sannan shayarwa ta ci gaba da ɗiba daga abin da ya rage. Idan kwanika ta biyo baya, sabon cikin zai sauka ne a jikin da bai gama farfaɗowa ba, kuma haɗarin ƙarancin jini, da haihuwar bakwaini, da haihuwar jariri marar nauyi, duk yana ƙaruwa. Masu dogaro da shayarwa don hana ciki su sani cewa kariyarta tana aiki ne kawai idan yaron bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'adar uwar ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya daga cikin ukun nan ya sauya, ciki na iya shiga, wani lokaci ma kafin ta ga jinin farko.

A nan ina roƙon 'yan'uwa maza da babbar murya. Mace ba ta ɗaukar ciki ita kaɗai, don haka bai dace a bar mata nauyin tsara lokacinsa ita kaɗai ba. Mijin da ya zauna da matarsa gaban ma'aikaciyar lafiya, ya ji hanyoyin tazara da kunnensa, ya sauƙaƙa mata abin da ita kanta take jin nauyin furtawa.

Idan cikin ya shiga, ina ganin jinkirta zuwa awo babban kuskure ne. Tun 2016 hukumar ta ɗaga shawararta daga ziyara 4 zuwa 8, ta farko kuma cikin mako 12 na farko. Ana lissafin ciki ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, mako 40 a jimlace, saboda haka rubuta wannan rana ƙaramin aiki ne mai babban amfani ga ungozoma. Hawan jinin masu ciki, wanda kan bayyana bayan mako na 20, sau da yawa yana shigowa ba tare da matar ta ji komai ba, sai awo ne ke gano shi kafin ya kai ga jijjiga.

Kuma ko da an yi awo jiya, matar da ta ga jini, ko ruwa ya fashe kafin lokaci, ko ta ji matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani, ko fuska da hannuwanta suka kumbura, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko motsin yaro ya ragu, a kai ta asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, kada a ce sai gari ya waye.