Nufi wajen masu falsafa ba abu guda ba ne

Jiya a fada nan Tahoua muna jiran shayi na biyu, ƙanena ɗan terminal, ajin ƙarshe na sakandare, ya ce wai duk masu falsafa in sunka ce nufi, yanke shawara da hankali ke nan. A'a ƙane, ba haka ba ne fa! Kant a 1785 kam hankali ya sa gaba, ya ce kyakkyawan nufi kaɗai ne alheri marar sharaɗi. Amma wajen Shofenhawa nufi makahon ƙarfi ne kamar yunwa, yana jikin mutum yana jikin jaki har da hatsin da ke tsirowa, hankali ɗan aikensa ne kawai, shi ya sa buƙata ba ta ƙarewa, wahala ma haka. Nitshe kuwa bai yarda a danne nufin ba, ya ce neman ƙarin ƙarfi ne.