Andor: shirin da aka ce ba ya sauri

Ƙanena ne ya fara sa ni rubuta wannan. Na ba shi Andor ya kalla, bayan kwana biyu ya dawo min da shi, ya ce, "Yaya, wannan ai ba Star Wars ba ne. Kashi biyu na kalla, babu takobin haske, babu faɗan jirage, mutane kawai suna ta magana a cikin duhu." Ban yi masa musu ba a lokacin, domin abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma maganar ta tsaya min a rai, saboda abin da ya kira aibi shi ne ainihin abin da ya sa nake ganin babu wani shiri da aka yi da sunan Star Wars da ya kama ƙafar wannan.

Ga wanda bai sani ba, George Lucas ne ya fara Star Wars a 1977, kamfanin Disney kuma ya sayi Lucasfilm a 2012 a kan kuɗi kusan dala biliyan 4. Tun daga nan ake ta fitar da finafinai da shirye-shirye masu dogon zango. Andor ya fara fita a Disney+ ranar 21 ga Satumba, 2022, kuma labarin Cassian Andor ne, ɗan leƙen asirin 'yan tawaye masu yaƙi da azzalumar Daula mai mulkin duniyoyin taurari, da ya fito a fim ɗin Rogue One na 2016, wanda Diego Luna ɗan ƙasar Meziko ya taka. Duk wanda ya kalli wancan fim ya san mutumin nan mutuwa yake yi a ƙarshe. Shi ya sa da aka sanar za a yi masa shiri nasa, mutane da yawa suka ɗaga kafaɗa, wa ya tambaya?

Tony Gilroy, wanda aka danƙa wa aikin, ba ya cikin masu bautar Star Wars, kuma bai ɓoye hakan ba. Marubucin finafinan leƙen asiri ne, shi ya rubuta na Bourne. Ina ganin wannan nisan nasa ne ya ceci shirin. Bai zo don ya tuna mana da jaruman ƙuruciyarmu ba. Tambayarsa ɗaya ce: yaya mulkin zalunci yake a idon talakan da ke ƙarƙashinsa, kuma me ke sa mutumin da ba ruwansa da kowa ya wayi gari ya ce ya isa haka?

Ku duba yadda aka yi shi. Shirin The Mandalorian, wanda shi ma na Star Wars ne, an ɗauki yawancinsa ne a cikin wani ɗaki da aka kewaye da manyan allunan haske, ana haska hamada ko sararin samaniya a bayan 'yan wasa. Su masu Andor suka ce a'a. Suka gina garin Ferrix, inda Cassian yake zaune, da tituna da shaguna a wani fili a Ingila, suka hau tsaunukan Sikotilan suka yi ɗauka a madatsar ruwa ta Cruachan, a zango na biyu kuma suka je Balensiya a Sifen. Kana kallo kana jin bambancin. Bangon yana da datti, ƙasar tana da taɓo. Ma'aikatan Ferrix suna rataye safar hannunsu a jikin bango idan sun tashi daga aiki, kuma idan jami'an tsaro suka shigo unguwa, kowa sai ya kama bugun ƙarfe, wannan ya ji ya buga, wancan ya ji ya buga, har gari ya ɗauka. Ba wanda ya tsaya yi maka bayani. Kai da kanka za ka gane cewa mutanen nan sun daɗe da sanin juna, sun kuma daɗe da sanin wahala.

Azzaluman ma ba dodanni ba ne. Ma'aikatan ofis ne masu fararen kaya, suna zaune a teburin taro suna jayayya a kan wane yanki ne na wa, wane rahoto ne ya makara, wa zai samu ƙarin girma. Dedra Meero, wadda Denise Gough ta fito a matsayinta, mace ce mai ƙwazo a cikin maza masu raina ta, har ka fara tausaya mata kana so ta yi nasara, sai ka tuna nasararta tana nufin a azabtar da wani. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan duk wani mai baƙin sulke.

Amma inda shirin ya gama da ni shi ne gidan yarin Narkina 5. An kama Cassian a bakin teku yana tafiyarsa, bai yi komai ba a wannan ranar, sai dai yana kusa da inda ake bin wasu. Alƙaliya ta yanke masa shekara 6 cikin minti ɗaya, ko kallonsa ba ta yi sosai ba. A kurkukun ba a dogara da sanda ko bulala ba. Fursunoni ba takalmi suke yawo, ƙasan kuma an haɗa ta da wutar lantarki. Mutum bakwai a kowane tebur, awa 12 suna harhaɗa wasu ƙarafa da ba su san amfaninsu ba. Teburin da ya fi aiki a sa masa ɗanɗano a abinci, wanda ya zo na ƙarshe a jona masa wuta. Ka ga an mayar da su masu gadin junansu. Shugaban ɗakinsu, Kino Loy, wanda Andy Serkis ya taka, kullum lissafin kwanakin da suka rage masa yake yi, ba ya son jin ko kalmar gudu. Sai ranar da wani dattijo a cikinsu ya faɗi, likita ya tabbatar musu cewa ba a sakin kowa, wanda wa'adinsa ya cika wani wurin kawai ake mayar da shi. A kashi na 10 suka ɓalle. Kino ne ya yi magana a lasifika ya tayar da dubban mutane, suka kwarara har bakin ƙofa, sai ga ruwa ya kewaye ginin ta ko'ina. Kowa na tsalle yana faɗawa. Shi ya tsaya a baki, ya ce bai iya iyo ba.

Na dakatar da kallon a nan na daɗe zaune. Akwai wani yaro a layinmu da aka taɓa kwashewa a kamen kan mai uwa da wabi, yana dawowa daga sayo wa mahaifiyarsa magani. Ya yi watanni a tsare yana jiran shari'a, ba wanda ya iya faɗa mana laifinsa. Da ya fito, ya daina zama da mu a dakali, ko sallama ka yi masa sai ya zabura. Shi na tuna, ba wata duniyar taurari ba.

To yaya duniya ta karɓe shi? Masu sharhi sun yaba ƙwarai, zangon farko har ya samu lambar yabo ta Peabody. Amma 'yan kallo ba su yi tururuwa ba kamar yadda suka yi wa The Mandalorian, har sai da Disney ta ɗauki kashi biyu na farko ta haska a tashoshinta irin su ABC da FX a watan Nuwamba na 2022 don jawo mutane. Da yawa sun yi irin na ƙanena, suka kalli kaɗan suka ajiye. Kuma zan yi adalci, kashi biyun farko suna da nauyin tafiya, shi ya sa aka saki uku a rana ɗaya. Sai dai mai haƙuri shi kan dafa dutse, duk abin da aka shuka a can farko sai da aka girbe shi a jana'izar Maarva, matar da ta raini Cassian, a ƙarshen zango, inda aka mayar da tokarta bulo bisa al'adar garin, kuma da wannan bulon aka rotsa kan sojan Daula.

Da farko zango biyar aka tsara. Gilroy da Luna suka lissafa shekarun da hakan zai ci, suka ga ba zai yiwu ba, sai aka matse shekaru huɗu na labari a zango na biyu, kowane kashi uku shekara guda. Yajin aikin marubuta da 'yan wasa na 2023 ya ƙara jawo jinkiri, bai fito ba sai 22 ga Afrilu, 2025. Matsewar ta bar giɓi, akwai abubuwan da na so a nuna min aka tsallake. Gilroy da bakinsa ya ce kashi 24 ɗin sun ci kusan dala miliyan 650, kuma ina shakkar ko wani kamfani zai sake zuba irin wannan kuɗi a labarin da ba a yi shi don sayar da kayan wasan yara ba. Hakan yana damuna.

A zango na biyun ne aka nuna Ghorman, ƙasar masaƙa da Daula ke kwaɗayin ma'adinin da ke ƙarƙashinta. Ba a fara da harbi ba. An fara da ɓata musu suna a kafafen yaɗa labarai, ana cewa masu girman kai ne, masu tayar da fitina, har ya zama ranar da aka tara su a dandali aka buɗe musu wuta, duniya ta riga ta yarda su suka jawo. Kashin da ya biyo baya, inda Sanata Mon Mothma ta miƙe a majalisa ta kira abin da sunansa, kisan ƙare dangi, shi ya ba Dan Gilroy, ƙanen Tony, kyautar talabijin ta Emmy a fannin rubutu a 2025. Ina ba iyaye shawara, wannan zangon ba na yara ba ne, akwai wurare masu tayar da hankali.

Na roƙi ƙanena ya daure ya kai kashi na 10 kafin ya yanke hukunci. Mako guda ban ji daga gare shi ba. Sai wani dare, wajen ƙarfe ɗaya, saƙonsa ya shigo: "Yaya, don Allah Kino ya tsira?" Na ce masa har shirin ya ƙare ba a sake nuna shi ba.