Kuɗin haya bai mutu ba, riga ya sauya

Ana yawan cewa mai sayar da littattafai ta intanet ya huta: ba hayar shago, ba kuɗin wuta, ba albashin mai tsaron kanta. Ni dai ban yarda ba. Kuɗin na nan, wurin fitarsa ne ya sauya.

Galibi kamfanonin buga littattafai sukan bar wa mai sayarwa kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na farashin da aka rubuta a bango, kuma daga nan zai cire duk ɗawainiyarsa. Mai shago ya san nauyin da ke kansa tun farkon wata. Ko littafi goma ya sayar ko dubu, hayar ɗaya ce, saboda haka da zarar ciniki ya biya haya da albashi, abin da ya biyo baya kusan duk nasa ne. Shi kuwa na intanet, kowane littafi da kuɗinsa yake tafiya: a ciro shi daga rumbu, a naɗe, a sa a kwali, a manna adireshi, a biya mai kaiwa. In ya isa da bango a lanƙwashe, mai saye ya ce bai so, an biya kuɗin hanya sau biyu ke nan a kan littafin da ba a sayar ba. Ga shi littafi kaya ne mai nauyi amma mai arha, kuɗin aike kan cinye ribarsa kafin a ankara.

To ta yaya Amazon ya yi nasara? Da dogon numfashi. A 1995 ya fara sayar da littattafai, amma sai a 2003 ya rufe shekara da riba. Duk tsawon lokacin kuɗin masu zuba jari yake ci yana gina rumbuna, har yawan kaya ya karya masa farashin aike. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da wannan aljihun. In ya ɗora littattafansa a dandalin Amazon na Amurka, za a cire kashi 15 cikin ɗari a kan kowanne, ban da wani ɗan kuɗin da ake ƙarawa. In ba haya ba, mene ne sunan wannan? Kuma mai gidan shi ma irin hajarka yake sayarwa, yana kallon cinikinka.

Faransa ta gane cewa a wajen aike ake fafatawar. Tun 1981 doka ta tsayar da cewa kowane littafi farashinsa ɗaya ne a ko'ina, rangwame bai wuce kashi 5 ba. A 2014 aka hana kai littafi gida kyauta, sai Amazon ya sa kuɗin aike santim ɗaya, wato ɗaya bisa ɗari na yuro, wayo a fili. Sai a 2023 aka toshe ƙofar: yuro 3 mafi ƙaranci ga duk sayayyar da ba ta kai yuro 35 ba.

Ba wai shago aljanna ba ne. Borders, babban kamfanin shagunan littattafai na Amurka, wanda a 2001 ya miƙa wa Amazon ragamar cinikinsa na intanet, ya durƙushe a 2011. Shi kansa Amazon ya buɗe shagon littattafai a Seattle a 2015, ya rufe duka irinsa a 2022. Amma Barnes & Noble, wani kamfanin shagunan littattafai na Amurka, ya farfaɗo bayan James Daunt ya karɓi shugabancinsa a 2019, ya bar kowane reshe ya zaɓi abin da mutanen yankinsa ke karantawa, littattafan da ake mayar wa masu bugawa suka ragu.

Akwai kuma ribar da lissafin nan kan manta. Mutum ya shigo shago neman littafi ɗaya, idonsa ya faɗa kan wani a tebur, ya buɗe, ya karanta shafi biyu a tsaye, ya haɗa da shi. Sannan ya ɗauki duka biyun ya kai gida da ƙafarsa, mai shago bai biya ko sisi na aike ba.