Kuɗin yaƙi da ƙibar yara: a Damagaram kada a raba su da na tamowa

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya ce yana neman tallafin kuɗi don hana yara yin ƙiba, to ya shirya wa irin kallon da za a yi masa. Za a ce masa ana ta kai wa yake ta kaya, kuma ba a ga laifin masu faɗa ba. Binciken ƙasa na 2022 ya nuna kashi 47 cikin ɗari na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, jihohin Damagaram da Maraɗi kuma suna gaba-gaba. Wanda ya san sashen yara na asibitin Magarya daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa zazzaɓin sauro kuma ya yi sama, ya san gadaje ba sa isa.

Duk da haka ni ra'ayina a nemi kuɗin, a karɓa, amma da sharaɗi.

A watan Satumban 2025 UNICEF ta bayyana cewa a karon farko yawan yara masu ƙiba 'yan shekara 5 zuwa 19 ya wuce na masu rama a duniya, yara kusan miliyan 188. Yankuna biyu ne kawai abin bai juya ba tukuna: kudancin Asiya da Afirka kudu da Sahara. Wato mu har yanzu muna da sarari, waɗanda suka riga mu shiga matsalar ba su samu wannan gata ba. Hankalin masu ba da tallafi kuma can ya fara karkata, ko mun so ko mun ƙi.

Abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba shi ne, tamowa da ƙiba ba kishiyoyi ba ne. Yaron da ya rasa abincin kirki tun yana ciki har ya kai shekara 2, jikinsa yakan saba da tattalin ɗan abin da ya samu. Ranar da ya shigo birni ya samu sukari da mai da fulawa, shi ne ya fi saurin tara kitse, shi ne kuma ciwon sukari da hawan jini suka fi jira idan ya girma. Jihar da ta fi yawan tsumburarrun yara a yau, ita ce za ta fi yawan masu layin awon sukari nan da shekara ashirin ko talatin.

A je bakin ƙofar kowace makarantar firamare a Zango ko Birni ko Garin Malam lokacin tara. Yaro ya fito da dala goma ko ashirin a hannu. Kafin ya kai ga mai ƙosai ya wuce teburin biskit da alewa da lemon leda mai launi, wanda ba komai a ciki sai ruwa da sukari da ƙanƙara. Da safe ma burodi ya ci da shayin da aka zuba wa madarar gwangwani da sukari cokali uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zai fi kyau sukarin da mutum ke sha a yini kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 6, shi kuwa wannan yaro ya ƙure shi tun kafin azahar. Cikinsa ya cika, jini kuwa babu. Ga kuma abin takaici: awara da ɗan wake da gyaɗa da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli suna nan a tiren da ke kusa, kuɗinsu bai fi na biskit ba. Goruba da magarya da aduwa sun zama abincin 'yan ƙauye, ɗan birni kunyar cinsu yake ji gaban abokai.

Mu ma manya da namu. Jariri ya yi ɓul-ɓul sai a yaba wa uwa, budurwa ta rame sai dangi su fara tambayar ko lafiya, har wasu su koma ga sha-ka-fashe a hannun masu tallar magani.

Inda nake da ja shi ne yadda aka saba kashe irin wannan kuɗi. Taron bita a otel, kuɗin zama, riguna masu tambari, allo a bakin hanya, bayan shekara ɗaya da rabi a rubuta rahoto a rufe ofis. Idan haka za a yi da kuɗin ƙiba, gara a bar su. Uwar da ke Mirya ba ta jahilci cewa wake ya fi biskit ba. Sau da yawa ba ita ke riƙe da kuɗin cefane ba, kuma ba ta wurin lokacin da ɗanta ke sayayya a makaranta.

Shi ya sa nake ganin maigida da mai talla su ya kamata a fara nema. A nan jihar aka fara makarantar mazaje tare da UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Me zai hana maganar cefane ta shiga wannan zama? Mai talla kuwa ba wa'azi take so ba. A ba ta ɗan jari, a ba ta wuri mai inuwa a cikin makaranta, da sharaɗin abin da za ta sayar. A sa tulu ko tanki a kowane aji, domin a garin da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa kamar Damagaram, yaro ƙishirwa ce ke kai shi ga lemon leda. Kada kuma a manta da makarantun allo, waɗanda takardun neman tallafi suka saba tsallakewa.

A cibiyoyin lafiya na CSI, wato ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye, zaren awon dantse ramammen yaro kawai yake kamawa. A ƙara sikeli da ma'aunin tsayi masu aiki, a horar da wakilan lafiya na unguwa su riƙa kula da ɓangarorin biyu. Mutum ɗaya ne, gida ɗaya zai shiga, wani lokaci ma ya tarar da uwa mai teɓa tana goye da yaro mai tamowa.

Sharaɗin da ba na sassauci a kai shi ne, ko dala ɗaya kada a ɗebo daga kuɗin maganin tamowa. Tun da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji USAID a 2025 kuɗin agajin lafiya suka ja baya a ƙasashe da dama, kwali guda na Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na jinyar tamowa, mai ƙunshi 150 kuwa shi ne jinyar yaro ɗaya na wajen mako shida zuwa takwas. Duk ƙungiyar da ta zo da kuɗin ƙiba, hukumar lafiya ta jiha da hukumar gari su tambaye ta a rubuce: nawa ne zai tafi taro da motoci, nawa zai isa makaranta da CSI, wa kuma zai ci gaba da cika tankin ruwan bayan ta tafi.